Yatsun Tenywa Uku

Talata, 4 ga Yuni, biyar da rabi na yamma

Wannan littafin na rubuta raunin masu dukan ƙwallo da sanda a wasan besbol ne: wane ba ya ganin ta ƙasa, wane yana tsoron wadda ta zo kusa da ƙirji. Yau na juya shi ta baya zan rubuta wani abu daban.

Bayan atisaye Koci Balidawa ya tara mu a gindin mangwaro ya ce takarda ta zo. Ran shida ga Yuli wani Bajapane mai neman 'yan besbol zai zo filinmu ya duba masu jifa, kuma mutum ɗaya zai ɗauka ya tafi da shi ƙasarsu. Koci bai kama suna ba, amma kowa ya juya ya kalli Tenywa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana wannan murmushin nasa na rainin wayo.

Muko muke kiran juna, wato suruki. Na ce, "Muko, in ka je can ka aiko mini da sabuwar safar cafe ƙwallo, wannan tawa ta girme ka."

Ya ce, "Safa kawai? Gwiwoyi zan aiko maka, tsoho. In ka tsuguna har bakin titi ake jin ƙararsu."

Ɗan banzan yaro. Shekara huɗu ina tsugune ina cafe masa jifa, shekara bakwai ina auren yayarsa yana cin tuwon gidana, ga ladan da na samu.

A hanyar gida ya ce hannunsa na dama yana ciwo, nan ƙasa da gwiwar hannu, ta ciki. Wai sati biyu kenan. Na ce gajiya ce.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana, a rumfata

Ba gajiya ba ce. Tenywa ya zo rumfata ta facin taya da safe yana riƙe da hannun, fuska a murtuke.

Dokar Koci kowa ya san ta: duk hannun da ya yi ƙorafi, sati shida ba ya taɓa ƙwallo. Ko ubanka ne gwamna. Mun lissafa tare, sati shida ya wuce ranar Bajapanen da kwana goma sha biyu. Tenywa ya ce, "Muko, in ka gaya masa, ni da kai har abada."

Wa ya ce masa zan faɗa? Babana shekara talatin ya yi yana saran rake. Duk ranar da hannu ya tasa shi gaba, sai ya yanko robar cikin taya ya naɗe shi tam daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ya ɗau addarsa ya koma gona. Har gobe haka masu sara suke yi, kana ganinsu a bayan tarakta da baƙaƙen hannuwa. Ni kuwa roba ita ce abin da ya fi yawa a rumfata. Na yanko mai kyau ta tayar keke, na naɗe masa na ja sosai. Ya ce ta matse. Na ce matsin shi ne maganin. Ya sa riga mai dogon hannu ya rufe.

Asabar, 8 ga Yuni, bakwai na safe

Ciwo ya tafi! Da robar ya kwana. Yau ya fito yana juya hannu yana cewa in buɗe asibiti in bar faci. Na saya mana capati, wainar fulawa, da ƙwai a wajen Nabirye mai shayi, muka ci a tsaye muna dariya. Matata Kagoya ta ce me ya same mu da sassafe, na ce sirrin maza ne.

Talata, 11 ga Yuni, shida na yamma

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Mai cafe ƙwallo da tafin hannunsa yake sanin lafiyar mai jifa. Jifar Tenywa in ta zo, sai na ji ta har haƙorana. Yau tana zuwa, tana shiga safa, shi kenan. Jifarsa mai lanƙwasa kuma, wadda take tahowa kamar za ta fasa maka kai sannan ta faɗo a gwiwa, yau sai ta yi ta shawagi a sama. Da akwai mai duka a tsaye da ya aika ta cikin rake.

Idon Koci ya yi yana, kowa ya sani, shi ne dai ba ya son a faɗa. Da kunne yake horar da mu. Yakan tsaya a bayana ya ɗan karkata kai, in safa ta ce tas ya ce madalla, in ta ce fuf ya ce wa ya hana ka karin kumallo. Ba mu da na'urar auna gudu, kunnensa ne na'urarmu.

Akwai abin da duk mai cafe ƙwallo ya iya, ba a koya wa kowa shi a fili. Ka cire soson da ke cikin safa, ka tari ƙwallo da tsakiyar tafi, ka tura hannu gaba daidai lokacin da ta iso. Ko jifar tsohuwa ce sai ta yi ƙara. Na shiga bayan mangwaro na zare soson na sa a aljihu.

Koci ya ce, "Yauwa! Haka nake son ji."

Alhamis, 13 ga Yuni, shida na yamma

Jifa arba'in da biyar. Koci ya ce madalla sau tara. Tafina na hagu ya kumbura.

Asabar, 15 ga Yuni, biyu na rana

Kagoya ta yi matoke, tuwon ayaba, da miyar gyaɗa. Tenywa ya kai hannu ya gutsura, lomar ta sulale ta faɗa cikin miya. Ya sake, ta sake faɗuwa. 'Yarmu Mutesi ta fashe da dariya ta ce kawu bai iya cin abinci ba, ita ma da take shekara biyar ta fi shi. Ya taya ta dariya ya ce a ba shi cokali, wai yana koyon cin abincin masu kuɗi kafin ya hau jirgi.

Kagoya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Rigar nan mai dogon hannu fa, a wannan zafin? Ko aure ka yi da ita?"

Ya ce masu jifa ba sa barin iska ta taɓa hannunsu. Ta juyo ta kalle ni. Na ce haka ne, na ci gaba da cin abincina da kai a ƙasa.

Litinin, 17 ga Yuni, sha ɗaya na safe

Tenywa yana taya ni aiki, na ba shi ya riƙe mini taya a ƙarƙashin ƙarfen faci mai zafi. Ina ciniki da wani ɗan boda, wato ɗan acaɓa, sai na ji ƙauri. Na ɗauka robar ce ta ƙone. Na waiga, yatsarsa manuniya na jikin ƙarfen, shi kuma yana kallon 'yan matan da ke wucewa a titi.

Na fizge hannun. Fatar ta yi fari ta tashi. Ya kalli yatsar, ya kalle ni, ya ce, "Ban ji ba, muko."

Na ce tun yaushe. Ya ce tun ranar da ciwon ya tafi. Babban yatsa, da manuniya, da ta tsakiya. Da farko kamar kiyashi na tafiya a ciki, yanzu kiyashin ma sun daina.

Su ukun nan su ne ke riƙe ƙwallo. Ɗan bodan yana ta yi mini magana a kan tayarsa, wallahi ban san me na ce masa ba.

Laraba, 19 ga Yuni, bakwai na safe

Na ce a kwance robar. Na warware da hannuna. Wurin ya yi zobe-zobe, ya yi fari, yana wari. Minti goma ba a yi ba ciwon ya dawo, ya durƙusa a bayan rumfa yana cije leɓe.

Ya ce, "Ka ga? Da ita ba ciwo. Saura kwana sha bakwai kawai. Mayar mini."

Na ce a'a. Ya ce to shi zai koma ɗaukar rake a kai kamar yayyensa, in yaso in riƙa ɗaga masa hannu daga rumfa in tarakta ta wuce. Ya ce, "Kai ka ce matsin ne maganin."

Ni na faɗa. Na yi abin da ya ce.

Asabar, 22 ga Yuni, shida da rabi na yamma

Mun yi wasa da 'yan Iganga. In na tsuguna, yatsa ɗaya na nuna masa a tsakanin cinyoyina, miƙaƙƙiya kenan, yatsu biyu mai lanƙwasa. Yau yatsa ɗaya na yi ta nunawa tun daga farko har ƙarshe. Sun daki jifarsa sau shida, abin da ba a taɓa yi masa ba. 'Yan kallonsu suna ta ihu wai a kawo musu wani, wannan ya nuna.

Bayan an tashi Koci ya ja ni gefe. Ya ce, "Wambuzi, ƙarar tana nan lafiya, to me ya sa suke dukansa?"

Na ce sa'a suka yi.

"Mai lanƙwasar fa? Ban ji ka kira ta ba."

Na ce muna ɓoye ta ne don Bajapanen.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne idona a filin nan. Yaron nan lafiyarsa ƙalau?"

Na ce ƙalau, Koci.

Lahadi, 23 ga Yuni, tara na safe

Ban iya riƙe almakashi da hagu ba. Kagoya ta ga tafin ta ce me ya cije ni. Na ce aiki.

Talata, 25 ga Yuni, huɗu na yamma

Da asuba Kagoya ta shiga ɗakin Tenywa kwaso kayan wanki ta same shi ba riga. Ban ji abin da ta ce masa ba. Na dai ga ta fito ta ɗaura zani ta ce mu uku asibitin Jinja za mu, yanzu.

Likitar wata doguwar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta danna ƙasan gwiwar hannunsa da babban yatsa, ya zabura. Ta ce ya haɗa babban yatsa da manuniya ya yi zobe. Na hagu ya yi zobe. Na dama suka haɗu a shimfiɗe, gaɓoɓin sun ƙi lanƙwasuwa. Ta yago takarda ta sa masa a tsakani ta ce ya riƙe da ƙarfi. Ta ja, takardar ta fito kamar ba kowa a wurin.

Ta ce akwai jijiyar da ke kai saƙo zuwa yatsun nan uku, tana bi ta tsakiyar naman da yake juya hannu. Yawan jifa ya kumbura naman ya shaƙe ta. Ta ce da a farko ne, hutu kawai zai warkar da shi. Sai ta ɗaga robar da yatsu biyu ta ce, "Nama yana matse ta daga ciki, wannan kuma ta zo tana matse ta daga waje, dare da rana. Ciwon bai tafi ba, jijiyar ce ta daina iya faɗa. Wa ya ɗaura maka?"

Tenywa ya ce, "Ni na ɗaura da kaina."

Akwai wata kalanda a bango mai hoton uwa da jariri. Ita na yi ta kallo.

Ta ce ba jifa, ko dutse kada ya jefi kare da shi. Wata uku zuwa shida. In yatsun ba su farfaɗo ba, sai aiki a Kampala, shi ma ba ta yi alkawari ba. Ta ce kullum da safe wani ya gwada shi da takarda. Ya ce mata ran shida ga wata fa? Ta cire gilashin ta ce, "Ɗana, ina maganar hannun da za ka ci abinci da shi ne."

Alhamis, 27 ga Yuni, shida na yamma

Tenywa ya je atisaye. Ni ma na je.

Asabar, 29 ga Yuni, takwas na safe

Kwana huɗu Kagoya ba ta ce mini komai ba sai ga ruwa, ga abinci. Yau tana shanya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baban Mutesi, shekara bakwai ina share rumfarka. Kai kaɗai ne a garin nan kake yanka roba a karkace."



Ta ce, "Uwarmu da za ta mutu kai ta kama wa hannu, ba ni ba. Ta ce namiji ya fi jin maganar namiji." Ta yarfe zanin ta rataya. "Ka je ka gaya wa tsohon nan. Ni in na je, Tenywa ba zai sake shigowa gidan nan ba. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Litinin, 1 ga Yuli, biyar na yamma

Na je. Na sami Koci durƙushe yana zuba farar ƙasa a layin fili da gwangwani, hancinsa kusa da ƙasa don ya ga igiyar. Ya aro kujeru ashirin daga makaranta. Ya ce shekara ashirin da biyu yana wannan filin, tun ana jifa da ƙwallon tsumma, ba wanda ya taɓa hawo jirgi don ya kalli ɗan wasansa. Ya ce me ya kawo ni.

Na ce na zo taya shi ne. Na riƙe masa igiya har muka gama layi biyu.

Matsoraci. Ba wani suna da ya dace da ni.

Juma'a, 5 ga Yuli, bakwai na safe

Tenywa ya kawo mini robar a rumfa ya miƙo hannu. Na ce ko zai kashe ni ba zan yi ba. Bai yi musu ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya kama bakinta da haƙori, ya naɗe da hagu, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ina tsaye da famfo a hannu ina kallo. Na fi shi ƙarfi, da na so da na ƙwace. To in na ƙwace, rumfar faci nawa ce a garin nan?

Asabar, 6 ga Yuli, huɗu na yamma

Gari ya cika fili, har masu sara sun bar gona. Bajapanen ɗan gajeren mutum ne mai ladabi, ya rusuna wa Koci har sau biyu. Sai ya buɗe jaka ya fito da wani abu baƙi mai kama da bindiga, ya tsaya a bayana ya saita shi a kan Tenywa.

Na'urar auna gudu. Ban taɓa kawo ta a raina ba. Wallahi ko sau ɗaya.

Bara a gasar Kampala an auna Tenywa, kilomita ɗari da arba'in da uku a awa, lambar da ta jawo mutumin nan kenan. Na nuna yatsa ɗaya. Ya jefo, na tare ta da tsakiyar tafi, ta yi ƙarar da ta tashi tsuntsaye daga mangwaro. Jama'a suka yi shewa. Tafintansa ya karanta a fili: ɗari da sha tara.

Koci ya ce, "Nawa?" Aka maimaita masa.

Ta biyu ɗari da sha bakwai. Bajapanen ya ce a yi masa mai lanƙwasa. Na nuna yatsu biyu. Ƙwallon ta suɓuce masa ta daki ƙasa a rabin hanya ta gangaro gabana. Wani ya yi dariya, aka ce masa ya yi shiru. Ta tara ta tashi sama ta faɗa cikin kujerun makaranta. Mutumin ya sauke na'urar, ya je har tudun jifa ya kama hannun Tenywa, ya ɗaga hannun rigar ya gani. Ya saki a hankali ya rusuna masa. A ƙarshe wani yaro daga garin Lira ya ɗauka.

Duk wannan ƙarar da na fasa tafina a kanta, mutum ɗaya kawai ta ruɗa a duniya, kuma shi ne wanda da ya ji gaskiya zai zaunar da yaron tun yatsunsa suna ji.

Lahadi, 7 ga Yuli, tsakar rana

Tenywa bai fito daga ɗaki ba. Mutesi ta kai masa shayi ta dawo da shi.

Laraba, 10 ga Yuli, goma na safe

Koci ya zo rumfa da kekensa, alhali tayoyin a cike suke. Ya ce in ba shi safata. Ya zura hannu ciki ya lalluba, ya ji ba soso. Ya ce in ba shi hannuna na hagu. Ya shafa kumburin da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Ni na koya wa wanda ya koya maka wannan." Ya ajiye safar a kan benci. "Sati huɗu, Wambuzi. Ina tsaye a bayanka ina cewa madalla."

Ya ja kekensa ya tafi a ƙasa, bai hau ba. Da ma zagina ya yi.

Talata, 16 ga Yuli, bakwai na safe

An jefar da robar. Kullum kafin in fita nakan yago takarda daga littafin nan in sa wa Tenywa a tsakanin yatsun biyu in ja, kamar yadda likita ta ce. Jiya na ce masa ya ɗan riƙe. Yau na ce ya fi jiya. Kagoya ta ji ta ce Allah ya sa, ta ƙara masa ƙwai a capati. Shi yatsunsa kawai yake kallo.

Alhamis, 18 ga Yuli, bakwai na safe

Na ce ya fi jiya.

Asabar, 20 ga Yuli, bakwai na safe

Muna zaune a dakalin ƙofa. Na ɓalla masa maɓallan riga don har yanzu ba ya iyawa, sannan na yago takarda na sa masa. Na kama ɗaya gefen na fara ja a hankali, ina ɗan yamutsa fuska.

Ya ce, "Tsaya, muko."

Na tsaya.

Ya ce, "Ni nake jifar. Ka ɗauka ban san gudun abin da ke fita daga hannuna ba? Tun ranar da ka zaga bayan mangwaro na sani. Na bar ka ne don ina son jin ƙarar." Ya share hanci da bayan hannun hagu. "Roba kuma ni na miƙo hannu, ka daina tafiya a gidan nan kamar ɓarawo. Amma wannan kada ka yi mini. Ba Koci ba ne ni. Ja da gaske."

Kagoya na tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu. Ya matse yatsun iya ƙarfinsa, har kafaɗarsa na rawa, ya zuba wa takardar ido.

Na ja da gaske. Ta fito, ko yamutsewa ba ta yi ba.

Ya ce, "To. Gobe ma haka za ka ja."